Littafin Aikin Jari: Shigar da Siminti da Jan Ƙarfe

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Na baje takardun ƙarshen shekara na tattara lissafi. Gaba ɗaya jarin ya kai kusan naira miliyan 6. Kaso mafi girma yana cikin sukuk ɗin gwamnatin tarayya na 2023, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, mai ba da hayar kashi 15.75 a shekara. Sai miliyan ɗaya da rabi a asusun Lotus Halal da ake cinikinsa a Kasuwar Hannun Jari ta Najeriya, sai 'yan hannun jarin sadarwa da manja da gishiri da na saya da kaina, sai ɗan abin da ke waje a dala, sai tsabar kuɗi a banki.

Abin da ban taɓa saya da niyya ba shi ne ɓangaren ɗanyen kaya, wato kamfanonin da ke haƙo ko sarrafa abin da sauran masana'antu ke aiki da shi: siminti, ƙarfe, jan ƙarfe, taki, fenti, sinadarai, kwalba, takarda. A tsarin rarraba kamfanoni na GICS da MSCI da S&P suka kafa a 1999, wanda yanzu yake raba kamfanoni gida 11, wannan gida ne mai zaman kansa.

Dalilina a fili yake. Hauhawar farashi ta haura kashi 34, sukuk yana ba ni ƙasa da rabin haka. Kuɗin suna ƙaruwa a takarda, abin da suke iya saye yana raguwa. Shi kuwa mai sayar da siminti, in kaya suka yi tsada yakan ɗaga nasa farashin. Duk wanda ya yi gini a Fabrairun bara ya ga buhu ya tsallake naira 10,000, har sai da ministan ayyuka David Umahi ya zauna da masu kamfanonin. Ina so in kasance a ɓangaren mai sayarwa ko da da ɗan kaɗan ne.

Shiri: kashi 10 na jarin, naira 600,000, a hankali cikin 'yan watanni. Daga tsabar kuɗi da tarin albashi za su fito. Sukuk ba zan taɓa shi ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau na bi jerin kamfanonin kasuwarmu ɗaya bayan ɗaya. A nan gida ba a ware wannan ɓangare yadda aka ware shi a Amurka ba. Siminti da fenti da kwalba suna ƙarƙashin kayan masana'antu. Akwai wani gida da ake kira albarkatun ƙasa, amma kamfanonin cikinsa ƙanana ne ƙwarai. Taki, da na fi sa rai a kansa saboda noma, manyansa ba sa kasuwar: masana'antar yuriya ta Dangote a Lekki, da aka ƙaddamar a 2022, ba a sayar da hannun jarinta, haka ta Indorama a Eleme.

Ya zama in ka ce ɗanyen kaya a Najeriya, siminti kake nufi, siminti kuwa gida uku ne. Dangote Cement, da ya shiga kasuwa a 2010, yana da Obajana a Kogi, Ibese a Ogun, Gboko a Binuwai da Okpella a Edo, ga masana'antu a wasu ƙasashen Afirka. BUA Cement ya samu ne daga haɗewar tsohon kamfanin siminti na Sakkwato da na Obu, ya shiga kasuwa a farkon 2020. Sai Lafarge Africa mai Ewekoro da Shagamu da Mfamosing da kuma Ashaka ta Gombe.

Kafin in ba da oda na buɗe takardar asusun Lotus in ga abin da ke ciki. Ashe ina riƙe da siminti tuntuni, kuma ba ƙaramin kaso ba. Ba abin mamaki ba ne in aka duba: asusun halal ba ya sayen bankunan ruwa da kamfanonin giya, da zarar an cire su daga kasuwarmu kuwa sadarwa da siminti da abinci ne ke cika wurin. Duk mai riƙe da irin wannan asusu ya kamata ya yi wannan dubawar kafin ya ƙara ko buhu ɗaya.

Don haka na sake rabon. Siminti kai tsaye ba zai wuce 250,000 ba. Ragowar in nema musu abin da ba ya tafiya da siminti.

Asabar, 25 ga Janairu

Na je Ƙofar Ruwa wurin wani dillalin siminti da muka saba tun lokacin da na yi katangar gida. Na same shi ana sauke tirela, lebura sun yi fari fat tun daga gira har tafin ƙafa, kowane da tsumma a ka, yaron shago yana tsaye yana ja layi a bayan kwali duk buhu goma. Kafin a gama saukewa masu bulo biyu sun riga sun biya kuɗin rabin kayan.

Na ce, “Alhaji, me ya fi motsa farashi a wurinku?”

Ya ce, “Malam, abu biyu ne, mota da ruwan sama. In gas ya hau, kuɗin dako ya hau, buhu ya hau. In damina ta kankama kuwa, sai ka gan mu muna zaune muna hira.”

Na tambaye shi ko masu gini suna zaɓen kamfani. Ya ce masu zuba rufin kankare sukan zaɓa, amma mafi yawa wanda ke ƙasa suke ɗauka, don ba wanda zai tsayar da magina saboda suna. Wannan ta zauna mini. Kaya ne mai nauyi mai arha a kan nauyinsa, wanda ya fi kusa da kasuwa kuma ya fi motoci shi ke da ita. Shi ya sa masana'antar BUA ta Kalambaina ke da ƙarfi a Sakkwato da Kebbi da Zamfara, Ashaka kuma a arewa maso gabas.

Da daddare na karanta rahoton shekara na biyu daga cikinsu, sashen kuɗin da ake kashewa. Dutsen farar ƙasa namu ne, yana nan birjik. Tsadar tana wajen wuta: sai an gasa shi a tanderu mai zafin kusan digiri 1,450 kafin ya zama kilinka, wato dunƙulen da ake niƙawa ya zama siminti, ana yi da iskar gas ko kwal, farashin gas ɗin kuma da dala ake ƙiyasta shi. Kayan gyaran injina daga waje suke zuwa. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, bashin da ke kansu na dala ya jawo musu asarar canji mai yawa. Kamfanonin uku kamar rumfuna uku ne ƙarƙashin kwano ɗaya, in ya yi yoyo duka za su jiƙe. Sayen ukun ba rarraba jari ba ne, kuma ba zan ƙirga shi a haka ba.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Sayen farko. Dangote Cement na naira 150,000. Kamasho na dillali kashi 1.35, harajin VAT a kan kamashon, kuɗin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari kashi 0.3, da kuɗin hatimi, duka kusan naira 2,800. Ranar sayarwa ma za a cire wajen haka ko fiye. Wato sai farashi ya hau kusan kashi 4 kafin in dawo da uwar kuɗi, don haka wannan ba abin shiga da fita ba ne.

Na zaɓe shi ne saboda girma, da kuma kuɗin da yake samu daga wajen Najeriya, wanda ke ɗan rage zafin faɗuwar naira.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Hannun jarin sun bayyana a asusuna na CSCS, ma'ajiyar da ke riƙe rajistar hannun jarin masu saye.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Wannan makon bai yi daɗi ba. Na so in sa 100,000 a wani kamfanin fenti, don fenti yana cikin wannan ɓangare kuma ba ya cin wuta kamar siminti. Lissafin kamfanin ya gamsar da ni, bashi kaɗan, yana raba riba. Ranar Litinin na sa oda a farashin da aka rufe kasuwa da shi. Har aka tashi ba mai sayarwa. Talata wani ya fito da 'yan ɗaruruwa, a farashin da ya ɗara nawa da kusan kashi 9. Na ƙi bi. Laraba aka cika mini ɗan guntu, bai kai na naira 20,000 ba, sauran odar ta zauna har ta mutu.

Na kira dillalina. Ya ce, “Yallabai, masu riƙe da wannan ba sa sakinsa. In kana so sai ka bi su sama.” Na tambaye shi to ranar da nake son fita fa? Ya yi shiru kaɗan, ya ce haka zan jira mai saye.

Abin da ya tsayar da ni ke nan. Farashin da ake nunawa a allo na irin waɗannan ƙananan kamfanoni ba lallai ne a same shi a hannu ba. Ga dokar kasuwa cewa hannun jari ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 10 a yini; in labari mara daɗi ya fito, sai a yi kwanaki yana sauka goma-goma ba mai saye, kana kallo ba ka iya fita. Ɗan guntun da na samu zan riƙe, amma ba zan ƙara ba. Sama da 80,000 sun koma jira.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Hukumar ƙididdiga ta sauya ma'aunin lissafinta, hauhawar farashi ta Janairu ta koma kashi 24.48. Alƙalami ne ya sauka, kuɗin cefane yana inda yake. Shirina bai canza ba.

Na yi dogon tunani tsakanin BUA da Lafarge. BUA yana faɗaɗa aiki a Sakkwato da Edo, kuma a Oktoban 2023 Abdul Samad Rabiu ya sanar da rage farashin buhu zuwa 3,500 a bakin masana'anta, ko da yake ragin bai iso hannun mai gini yadda aka so ba. Abin da ya sa na dakata shi ne fiye da kashi 90 na kamfanin yana hannun mai shi, abin da ke yawo a kasuwa kaɗan ne. Lafarge kuwa bashinsa ya fi sauƙi, sai dai a Disambar bara Holcim ta Suwizalan ta sanar za ta sayar da kasonta na kusan kashi 84 ga Huaxin ta Sin, bisa ƙimar dala biliyan 1 ga kamfanin gaba ɗaya, kuma cinikin bai kammala ba. Sabon mai gida yana iya ƙara jari, yana kuma iya sauya yadda ake raba riba. Na ɗauki Lafarge na 100,000 jiya, da sanin wannan. Siminti ya cika, na rufe wannan babin.

Laraba, 5 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar Asabar. Na yi amfani da safiya na bi maganar rabon riba ta banki. An dawo mini da fom ɗin daga ofishin rajistara, masu riƙe sunayen masu hannun jari da biyan su riba, wai jerin sunayena a CSCS bai yi daidai da na BVN ba, sunan mahaifi ya riga nawa a ɗaya. Sai da na yi rantsuwar kotu, na kai banki suka buga hatimi, na sake turawa. Rantsuwa da hoto da kuɗin mota sun ci kusan 6,000. Irin wannan ƙaramin saɓani ne ya sa biliyoyin naira na ribar mutane ke kwance ba a karɓa ba, da yawa na iyayenmu ne da suka sayi hannun jari tun zamanin takardar shaida.

Asabar, 8 ga Maris

Sakamakon 2024 ya fito. Dangote Cement ya yi cinikin kusan naira tiriliyan 3.6, riba bayan haraji ta ɗan haura biliyan 500, an ba da shawarar raba naira 30 a kowane hannun jari kamar bara. Bayan cire harajin kashi 10, 27 ce za ta shigo. Lafarge ya kai ribar kusan biliyan 100. Abin da na fi dubawa shi ne ko hawan ciniki daga yawan buhuna ya zo ko daga tsadar buhu. Mafi yawa daga farashi ne. Hakan ya tabbatar da dalilin da ya kawo ni, amma yana da iyaka, don akwai farashin da in aka kai, mai gini zai ajiye cebur ya jira.

Asabar, 15 ga Maris

Na juya ga waje. Jiya zinare ya taɓa dala 3,000 a kan oza karon farko, ranar Laraba kuma harajin fito na kashi 25 da Amurka ta sa wa ƙarfe da alminiyam ya fara aiki.

Hanya mafi sauƙi ita ce asusun XLB, wanda ya tattara kamfanonin wannan ɓangare da ke cikin S&P 500. Na duba cikinsa: Linde mai iskar masana'antu da ta asibiti ce kan gaba da tazara, sai Sherwin-Williams mai fenti, Ecolab, Air Products, sannan masu haƙar ma'adinai irin Freeport-McMoRan da Newmont. Abu biyu suka hana ni. Na ɗaya, sinadarai sun fi ma'adinai yawa a ciki, ni kuwa ma'adinai nake nema. Na biyu, ba a tace shi da ma'aunin shari'a ba. Sana'ar kamfanonin halal ce, amma ƙa'idar AAOIFI, hukumar da ke tsara ma'aunin harkar kuɗi ta Musulunci, ta ce bashin ruwa kada ya wuce kashi 30 na darajar kamfani a kasuwa, kuma a asusun da ya haɗa kamfanoni da yawa ba ni da ikon cire wanda ya ƙetare.

Na tsaya a kan jan ƙarfe. Duk wayar wuta, taransifoma, injin sanyaya ɗaki da motar lantarki suna cinsa, sabuwar mahaƙa kuma takan ɗauki fiye da shekara goma kafin ta fara fitar da kaya. Haɗarinsa Sin ce, ita kaɗai ke shanye fiye da rabin abin da duniya ke amfani da shi, gine-ginenta kuma sun yi sanyi tun rikicin bashin kamfanin gidaje na Evergrande a 2021. Amma wannan haɗari daban yake da na gas da naira da damina, abin da nake nema ke nan.

Talata, 25 ga Maris

Na canza naira 200,000, na samu kusan dala 128 bayan manhajar ta cire nata. Farashin canjinta ya ɗara na kasuwa, tazarar ta ci mini wajen 4,000. Na sayi Freeport-McMoRan da rabin kuɗin, mai mahaƙar Grasberg a Indonesiya da Morenci a Arizona. Na lissafa bashinsa da kaina, yana ƙasa da iyaka. Rabin na bari sai wata mai zuwa. In riba ta zo Amurka za ta cire kashi 30, don babu yarjejeniyar haraji tsakaninta da Najeriya, sannan in fitar da ɗan kason da ya fito daga kuɗin ruwa in bayar.

Litinin, 31 ga Maris

Hutun sallah, kasuwarmu a rufe.

Talata, 8 ga Afrilu

Ranar 2 ga wata Donald Trump ya sanar da harajin fito a kan kusan duk ƙasashen duniya, Sin ta rama ranar Juma'a da kashi 34. Kasuwannin Amurka suka zube kwana biyu a jere, jan ƙarfe da ya kafa tarihin tsada a New York ƙarshen Maris ya rikito. Abin da na saya ya faɗi fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a cikin mako biyu.

A kuɗi, asarar ba ta kai naira 30,000 ba, kashi ɗaya cikin ɗari biyu na jarin gaba ɗaya. Amma ganin jan lamba a waya yana da nauyi, na kwana ina juya maganar. Na koma kan abin da na rubuta ranar 15 ga Maris na tambayi kaina ko wani abu a ciki ya ƙaryata. Buƙatar wayar wuta tana nan. Abin da ya faru shi ne ainihin halin wannan ɓangare: kamfanin haƙa yana da kuɗin aiki da ba ya raguwa, in farashin ma'adini ya sauka kashi 10 ribarsa tana iya sauka ninkin haka, kasuwa kuma takan riga ta hukunta shi tun kafin abin ya faru. Wanda zuciyarsa ba za ta ɗauki wannan ba, kada ya wuce siminti.

Na duba gida. Simintin bai bi su ba, ɗan motsin da ya yi bai taka kara ya karya ba. Abin da ya taɓa mu ta wata hanya ce: ɗanyen mai ya sauka, naira ta yi rauni zuwa wajen 1,600, hakan ma ya ɗan rage asarar tawa in aka mayar da ita naira. Karon farko ke nan da na ga sassan biyu sun rabu hanya a gabana.

Litinin, 14 ga Afrilu

An dakatar da mafi yawan harajin na kwana 90 tun ranar 9 ga wata, ban da na Sin. Na saka rabin da ya rage kamar yadda na tsara tun farko, na samu kaso mafi yawa da kuɗi ɗaya.

Asabar, 26 ga Afrilu

Zinare ya taɓa dala 3,500 ranar Talata. Abokan aiki biyu sun tambaye ni me ya sa ban saya ba. Akwai asusun zinare na NewGold a kasuwarmu tun 2011, kowane ɗaya yana wakiltar kusan kashi ɗaya cikin ɗari na oza. Na kai maganar wurin malaminmu bayan sallar asuba, na ce, “Allah gafarta Malam, zinaren da ke ajiye a wata ƙasa, ni takarda kawai ke hannuna, ya halatta?” Ya ce asalin hukuncin zinare hannu da hannu ne, malaman zamani kuma sun yi magana a kan ko rajistar mallaka tana tsayawa matsayin karɓa, in kawo masa takardun asusun ya duba yadda aka tsara shi. Zan kai masa.

Ko ya halatta, ba zan ƙirga shi cikin kashi goman nan ba. Zinare ajiya ne, ba ya sarrafa komai, ba ya raba riba, kuma yakan hau ne lokacin da tsoro ya kama mutane, daidai lokacin da jan ƙarfe ke sauka. Gurbinsa daban, kuma ba a wannan farashin zan fara ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Sakamakon wata ukun farko na kamfanonin siminti ya fito tun ƙarshen Afrilu, ribar duka ukun ta haura ta bara nesa, babban dalili shi ne naira ta ɗan natsu, asarar canji ta ragu. Rajistara ta turo saƙo cewa an amince da fom ɗina. Jan ƙarfen ya farfaɗo, in aka haɗa saye biyun ina kusa da uwar kuɗi.

Lissafi zuwa yau: siminti 250,000, fenti ƙasa da 20,000, jan ƙarfe 200,000, kuɗin dillali da canji da takardu kusan 16,000. Saura wajen 115,000.

Ofishin kula da basussuka ya buɗe sabon sukuk ranar Litinin, naira biliyan 300, shekara 7, haya kashi 19.75. Na so in zuba ragowar a can, sai na lura da wata alaƙa. Kuɗin sukuk tituna ake yi da su, ma'aikatar ayyuka kuma ta karkata ga titin kankare, kamar na gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba da na Sakkwato zuwa Badagry. Kankare siminti ne. In aljihun gwamnati ya yi rauni, mai biyana haya da babban mai sayen kayan kamfanonina ne suka yi rauni tare. Zan sayi sabon sukuk ɗin daga albashin wannan wata, kaɗan, amma 115,000 ɗin za su tafi ɓangaren dala.

Abin da ke gaba: in duba kamfanonin taki na waje, Nutrien ta Kanada da CF Industries ta Amurka, in auna bashinsu da ma'aunin kashi 30. In jira sakamakon rabin shekara a ƙarshen Yuli, sannan na wata tara a Oktoba, wanda zai nuna abin da damina ta yi wa yawan buhunan da aka sayar. Siminti ba ƙari har sai lokacin. Duk ƙarshen wata uku zan sake haɗa lissafi har da kason da ke cikin Lotus, in abin da na saya kai tsaye ya haura kashi 12 na jarin, in rage daga wanda ya fi hawa.